Shekarar da Na Bi Sharata Har Bayan Baure

Samari suna zuwa shagona da waya a hannu. Su nuna mini wani mutum a wata ƙasa ya narka zinare, ya zuba, ya goge, kafin shayi ya huce ya zama zobe. Sai su ce, "Baba Sale, a koya mana, ai ba wani abu ba ne." Ina ce musu to, sai in miƙa musu tsintsiya. Yawancinsu sukan jingine ta a hankali, su ce za su je su dawo.

Ni maƙerin fari ne, wato zinare da azurfa da tagulla. Fartanya da gatari aikin maƙeran baƙi ne. Ban yi boko ba. Abin da na sani a hannun Baba Nalado na koya, Allah ya jiƙansa, a nan cikin garin Daura, a wani shago mai daɓen ƙasa wanda aka toshe tagarsa da gangan.

Ranar da aka kai ni wurinsa na ga zuga-zugi, na ga uwar maƙera da ake dukan ƙarfe a kanta, na ga ƙananan guduma a jere, da awartaki, da magagari, da ɗan kaskon da ake narki a ciki. Na miƙa hannu zan taɓa. Baba Nalado ya buge hannun, ya ba ni tsintsiya. Na fara shara yadda uwata take yi, daga ciki zuwa ƙofa. Ya sake buge ni, wannan karon a ƙeya.

"Ina za ka kai ta?" ya ce.

"Waje, Baba."

"Ubanka ne ya tara, da za ka kai waje?"

Abu na farko ke nan da na koya. Maƙerin fari daga ƙofa yake sharowa ciki. Duk zoben da ka goga da magagari, wani abu ya fita daga jikinsa. Shi ya sa muke shimfiɗa fata a cinya. Abin da fatar ta tare na mai kaya ne, a gabansa ake karkaɗe shi a ɗora a sikeli. Amma akwai wanda yake tsere wa fata, wanda ido ba ya gani, ya sauka a ƙasa ya haɗu da toka da garin gawayi. Wannan na maƙeri ne. Ana share shi kullum a zuba a buhu. Tabarma in ta tsufa ba a yar da ita, ƙonawa ake yi a zuba tokar a buhu. Kafin ka tashi ka wanke hannu a ƙwarya, ruwan ya kwanta, lakar ta tafi buhu. Baba Nalado yana duba mana farce kamar mai duba akuya a kasuwa. Ba fanka a shagon ko zafi zai kashe mu. Wanda atishawa ta zo masa ya fita da gudu ya yi ta a titi.

Buhun nan ba a wanke shi sai shekarar da aka rasa yadda za a yi. Kuma ba a faɗa wa kowa a gida abin da ke ciki. Baba Nalado ya ce ran da iyali suka san akwai zinare a buhu, daga ranar kowane zazzaɓi mai tsanani ne, kowane biki kuma na dole ne. Na riƙe wannan. Da na buɗe nawa shagon na ci gaba da tarawa, buhu ya cika in ɗinke in kai gida, in jingine a bayan madafi. Matata Hajara ta taɓa tambayata mene ne. Na ce shara ce, ki bar ta. Ban yi ƙarya ba.

Na tuna wani mutum daga wajen Mashi da ya zo da dutse. Irinsu ba sa yankewa, tun da aka fara jin wane ya haƙo dutse ya sayi mota. Ya sa na rufe ƙofa. Ya kwance tsumma, a ciki akwai wani tsumman, a cikin wannan akwai leda, a cikin ledar akwai safa. Ya fito da wani kore mai ƙyalli, ya ce zumurrudu ne, a gonarsa ya tsinta, har ya kai gaisuwa gidan wata bazawara saboda shi. Na ɗaga shi a haske na ga ƙananan kumfa a ciki. Na sa magagari a gefensa, ya ci shi kamar rogo. Dutsen gaske sanyi gare shi a leɓe, kuma ba ya ba magagari hanya.

"Yaya, maƙeri?" ya ce.

"Yana da kyau," na ce. "Lemo aka sha a cikinsa."

Ya naɗe abinsa, tsumma bayan tsumma, ya ce Kano zai kai, can ne masu ido. Na ce Allah ya tsare hanya.

Maza ke nan. Amma cinikin maƙerin fari na mata ne, kuma mata ba dutse suke kawowa ba, dukiyarsu suke kawowa. Ɗan kunnen da uwa ta bari, awarwaron da aka sayo a Makka, sarƙar da aka ɓoye wa miji. Mace za ta ajiye maka shi ta tafi gida ta bar ka da wuta da magagari. Kana auna mata a gabanta, ka goga a dutsen gwaji, ka ɗiga ruwan asid, ka faɗa mata giram. Za ta kalli sikelin don ka ga ta kalla. Amma ba shi take aunawa ba, kai take aunawa. Tana duba wuyanka, da rigarka, da abin da ke cikin akwatin gilashinka. Maƙerin da ke da nasa zinare ba ya bukatar na mutane. Maƙerin da ke jin yunwa kuwa, magagarinsa ya fi na kowa kaifi. Haka suke gani, kuma ban ce sun yi kuskure ba.

Shekarar da ta kusa rufe mini shago ba da abu ɗaya ta zo ba. Zinare ya yi tsada. Masu hali suka koma sayen gamammen kaya na Dubai. 'Yan mata suka koma kayan ado na jabu da ake kira fashin, wanda in ya kwana a wuya sai ya bar kore. Sai aka ji wani maƙeri a wani gari ya kulle shago ya gudu da kayan mutane. Ban san shi ba, amma duk mu muka biya. Ana cikin haka taifot ya kwantar da ni a asibiti. Na sayar da abin da ke cikin gilashi, na sayar da babur. Na fito rigata tana lilo a jikina.

Akwai Hajiya Mairo, mai sayar da atamfa a gida. Abin da ta faɗa a gidan suna da safe, kafin la'asar ya gama unguwa. Kafin in kwanta ta ba ni awarwaronta in narka in yi wa 'yarta sarƙa. Ina buɗe shago ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam Sale, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Hajiya."

"Ka rame."

"Ciwo ne."

"Haka ne. Ina babur?"

"Yana wurin gyara."

"Allah ya sa a gyara." Ta leƙa gilashin, ba komai sai ƙuda ɗaya da ya mutu a ciki. "Ba ni awarwaron nan. Yarinyar ta ce ta fi son su a haka."

Na auna mata, daidai suke. Ta yi godiya sosai. Daga ranar ba macen da ta sake ajiye mini ko allura. Ba wanda ya ce ni ɓarawo ne. An dai ce na rame.

Wani mai gidan mai ya aiko cewa in ina so in zo in yi masa gadi. Na ce ya ba ni zuwa faɗuwar damina. Dabarata ɗaya ce: in wanke sharar nan ta shekaru, in narka, in ƙera kayana in cika gilashi, mata su ga ina da nawa. In hakan bai yiwu ba, in sayar da uwar maƙera in karɓi tocila da sanda.

Na koma gida na zagaya bayan madafi. Wurin fes, an share har an yayyafa ruwa. Hajara ta jera tukwane a wurin.

"Hajara, ina buhunan nan?"

"Waɗanne, Malam?"

"Na nan."

"Au, sharar? Baba ya kwashe."

Baba Bawa ke nan, mahaifinta, manomi a wani ƙauye bayan Baure. Ya zo duba ni ina asibiti. Gara ta cinye gindin buhunan, ƙasa ta zube, kunama ta fito daga ciki ta harbi Hajara a ƙafa, duba-gari kuma ya leƙo ya ce ko a kwashe ko a ci tara. Baba Bawa ya damƙi ƙasar ya shinshina, ya ce wannan ai taki ne, ga toka ga gawayi. Ya sa aka loda masa a motar da ta kawo su.

"Kai ka ce shara ce," in ji Hajara.

"Na ce ki bar ta."

"Na bar ta, Malam. Har ta harbe ni."

Na zauna a kan turmi. Na faɗa mata abin da ke ciki. Ta ce, "Shekarun nan duka ina dafa miyar kuka ba nama a gefen zinare?" Na ce ba lokacin wannan maganar ba ne. Ta ce lokacinta zai zo. Ya kuma zo, amma ba shi nake ba da labari ba.

Washegari na ranci goro da sabulu na hau motar Baure. Bazara ce, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Manomi kafin ruwan farko yake kwashe juji ya watsa a gona. In aka watsa, shi ke nan, sai dai gero ya ci.

Ga wahalar. Suruki ba a ce masa ya dawo da kyauta. Kuma Baba Bawa mutum ne da in kazarsa ta yi ƙwai sai an ji a masallaci. In na ce masa akwai zinare a jujinsa, ƙauyen duka za su zo da ƙwarya, labari kuma ya riga ni isa Daura: an ga maƙeri Sale yana tonon kashin jaki a gidan surukai. Bayan wannan ko zoben tagulla ba mai ba ni.

Na cire takalmi tun daga zaure, na durƙusa. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ya tambayi jiki, ya tambayi Hajara, ya tambayi mutanen Daura kamar zai kira sunansu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa idona yana bayan gida. Ina hango jujin. An zazzage buhunana a kai, an haɗa da kashin awaki da na jaki da na shanu. Kajin gidan duka suna kai, suna tono da ƙafa biyu, suna watsa aikin shekaruna gabas da yamma.

"Takin nan naka, Malam Sale, Allah ya yi albarka," in ji Baba Bawa. "Jibi amalanke zai zo."

"Shi ya kawo ni, Baba. Na ce bari in zo in taya ku aikinsa."

Ya dube ni. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa riƙe fartanya a gonarsa ba. Ya ji daɗi har ya gyara zama.

Na tuɓe riga, na nemi aron rariya. Matarsa Inna Tabawa, mahaifiyar Hajara, ta miƙo mini ta tankaɗen garinta. Na kori kaji, na shimfiɗa buhu, na fara tankaɗe juji. Abin da nake nema yana cikin mai laushin, don haka nake tara shi gefe guda.

Baba Bawa ya zo ya tsaya a kaina da hannu a baya.

"Me ake yi masa haka?"

"Tankaɗe, Baba. Mai laushi daban, mai gudaji daban."

"Malaman gona ne suka fito da shi?"

"Ban tambaya ba, Baba."

"Ikon Allah. Mu muna nan muna zuba shi haka da ɗanyensa." Ya saka takalmi. "Bari in kira su Malam Audu su gani."

Yana fita Inna Tabawa ta fito da ƙwaryar fura, ta ajiye nesa da jujin. Ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna. Na durƙusa, hannuna duk kashin jaki.

"Sannu da aiki, maƙeri."

"Yawwa, Inna."

"Ka samu?"

"Me fa, Inna?"

Ta kwance ƙullin bakin zaninta, ta buɗe tafin hannu. Wani ɗan guntun waya ne rawaya, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na gane shi. Irin wanda ke tsalle ne in ana yanke maƙalar ɗan kunne.

"A ƙundun zakara na same shi," ta ce. "Wanda muka yanka ranar Juma'a. Na goga a dutsen niƙa bai canja ba. Na sa a ruwan tsamiya bai canja ba. Na ce to, mai shi zai zo."

"Baba ya sani?"

"Da ya sani da ka ji a rediyo."

Na faɗa mata komai, har maganar gadi. Ta saurara tana korar ƙuda daga furar.

"To ga yadda za a yi," ta ce. "Ni zan san abin da zan faɗa wa Malam, ka tafi da mai laushin. Kajin nan kuma tun da aka zuba suke ci, ban san nawa suka haɗiye ba. Ka kwashe su duka, ka nemi abinka a cikinsu. Ni kuma ka yi mini 'yan kunne. Na gaske, masu nauyi, irin wanda in na juya kai za a ji. Tun da aka kawo ni gidan nan tagulla nake sawa, ga 'yata tana auren maƙerin zinare."

"Inna, ban san abin da zai fito ba."

"Nawa dai su fara fitowa. Da sabuwar rariya."

Ba a ciniki da suruka. Na ce to.

Baba Bawa ya dawo da dattawa. Suka kewaye ni suna kallo. Ɗaya ya damƙi mai laushin ya murza, ya ce lallai ya yi kyau kamar garin tuwo. Wani ya ce shi dama ya daɗe yana zargin gudajin nan ne ke ƙona masa shuka. Wani ya ce a'a, mai laushin ne ke ƙonawa. Suka yi ta musu a kaina ina tankaɗe. Inna ta leƙo daga ɗaki ta raba gardamar.

"Malam, mai laushin iska ce ke kwashe shi, ba ya zama a gona. Shi ya sa ake cire shi. A ba Hajara ta zuba wa yakuwarta a bayan ɗaki."

"Hajara na shuka yakuwa?"

"Za ta fara."

"Kajin fa da na ga ana kamawa?"

"Na mai jinya ne. Ba ka ga wuyansa ba?"

Baba Bawa ya dubi wuyana ya ce gaskiya ne, a ƙara masa da zabuwar nan. Kafin in bar ƙauyen na hango gida biyu an fito da rariya.

A tashar Baure yaron mota ya ɗaga buhu ɗaya ya ajiye da sauri.

"Baba, mene ne a ciki?"

"Kaya."

"Kayan ya mutu ne?"

Aka ɗaure buhunan a sama, kwandunan kaji a bayana. Duk hanya wata mata tana tambaya wa ya taka abu. Kowa ya duba takalminsa. Ni ma na duba nawa.

Wankin shara ba aikin gaggawa ba ne. Da fari ka ƙone ta, duk abin da zai ci wuta ya ci. Wannan karon abin da zai ci wuta ya yi yawa, maƙwabta suka yi ta leƙowa ta katanga suna tambaya ko lafiya. Sannan ka daka tokar, ka ɗiba kaɗan a ƙwarya, ka zuba ruwa, ka juya a hankali kana zubar da na sama. Ka sake, ka sake, har sai baƙin yashi mai nauyi ya rage a gindi. Ka ja maganaɗisu a kai ya kwashe garin ƙarfe. Abin da ya saura ka haɗa da sinadari ka zuba a kasko, ka hura wuta har ya tattaru ya zama ɗigo ɗaya yana juyi. Ni da Hajara muka yi, ita tana ɗebo ruwa tana yi mini lissafin miyar kuka.

Da kaskon ya huce na fasa. Abin da ya fito bai kai ƙwayar gurjiya ba. Sauran yana jujin Baure, ko cikin iska, ko cikin kaji. Na ƙera wa Inna 'yan kunnenta masu nauyi, na wanke su da alif da tsamiya har suna ɗaukar ido, na aika mata da sabuwar rariya. Abin da ya rage na yi ɗan zobe siriri. Na sa shi a gilashi shi kaɗai. Ya fi ƙudan nan ban tausayi.

Saura kaji. Ba mu da firij, don haka ɗaya ɗaya muke yankawa. In fasa ƙundun a kan ƙwarya, in wanke abin da ke ciki kamar yadda na wanke shara. Na sami tsakuwa. Na sami fasasshiyar kwalba, da maɓallin riga, da kan ƙusa. A wata tsohuwar kaza na sami ɗan ƙyalli, na yi murna, ya zama takardar alewa. Zinaren da na samu a kajin nan duka, in ka sa shi a ido ba zai sa ka hawaye ba.

Amma nama ba a zubarwa. Hajara ta soya, ta yi farfesu, ta yi dambu. Kuma ba a soya kaza a unguwa irin tamu a hana maƙwabci, sai ta riƙa aika kwano nan da can. Shekarar da mutane ke auna gero da gwangwani, gashin kaza yana tashi a ƙofar gidana kullum. Ina zuwa shago da maiƙo a leɓe, ina zaune ba aiki ina sakace haƙori. Rigata ta daina lilo.

Ban san wa ya fara ba. Na dai ji an ce wani Alhaji na Dubai ya zuba mini jari. Wasu suka ce a'a, dutsen mutumin Mashi ne ya zama na gaske, ni na saye. Wasu suka ce hayaƙin da aka gani a gidana narki ne na asiri, zinaren ya yi yawa har ba ya shiga shago. Mai shayin kusa da ni ya tambaye ni gaskiyar magana. Na ce masa kaji ne kawai. Ya kashe ido ya ce ya gane.

Ruwan farko ya sauka, mai gidan mai ya aiko a ji amsa. A gida saura zabuwar nan kaɗai. Na ce a gaya masa gobe zan ba shi amsa. Na fara goge uwar maƙera don mai saye ya ga kyanta.

Ina cikin gogewa inuwa ta rufe ƙofa. Hajiya Mairo ce. Ta dubi wuyana, ta dubi rigata. Ta leƙa gilashin ta ga ɗan zoben.

"Sauran an kwashe ke nan?"

"Abin da ya rage ke nan, Hajiya."

"Haka na ji. An ce ba ka ajiye kaya a fili yanzu." Ta shigo ta zauna, abin da ba ta yi ba wancan karon. "Ka yi ƙiba, Malam Sale."

"Alhamdu lillahi."

Ta buɗe jaka ta fito da awarwaron, ta ajiye a kan sikeli da kanta. Ta ƙara da wani ƙulli, ta ce na ƙanwarta ne, ɗan kunne ya karye.

"Yarinyar ta sake shawara," ta ce. "Sarƙar take so."

Na auna, na faɗa mata giram. Ba ta ko kalli sikelin ba. Tana fita na hura wuta, na aika wa mai gidan mai cewa ya nemi wani. Kafin kaka mata sun dawo, har da waɗanda ban taɓa gani ba, daga wajen Baure, waɗanda suka ga kunnen Inna Tabawa a gidan biki. Zabuwar mun bar ta ta mutu da tsufa.

Abu ɗaya ne bai ƙare ba. Geron Baba Bawa ya yi kyau a shekarar, ya kuma san dalili. Duk bazara sai ya aiko a gaya wa Malam Sale juji ya taru, ba wanda hannunsa ya iya tankaɗe kamar nasa. Suruki ne, ba a ce masa a'a. Bana ma na je. Ina tuɓe riga in tankaɗe kashin jaki wanda ba ko ƙurar tagulla a ciki, dattawa suna zaune suna nuna wa 'ya'yansu yadda ake yi, Inna Tabawa tana wucewa tana juya kai. In na gama a loda mini mai laushin in kawo Daura.

Yakuwar kuwa dole Hajara ta shuka, don yakan zo dubawa.